DARASIN KIWON LAFIYA: Koya Wa Yara Sanin Halittun Da Ido Ba Ya Gani

A Dandamisa, da sauran garuruwan ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan, yaro ɗan shekara bakwai ya san abubuwa da yawa. Ya san raken da ya nuna. Ya san kunama. Ya san ba a sa hannu cikin rami. In ya ga maciji zai ruga a guje. Duk iyaye ne suka koya masa, kuma koyarwar ba ta yi wuya ba, domin abubuwa ne da ake gani da ido.

Amma abin da ya fi kashe yara a karkara ba maciji ba ne, ba kuma kunama ba. Waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya iya gani. Su ne ke kawo gudawa, ƙyanda, tarin fuka, sanƙarau, mashaƙo da zazzaɓin cizon sauro. To, yaya za a yi a gargaɗi yaro game da abin da bai taɓa gani ba? Wannan shi ne darasin wannan wata. An rubuta shi ne domin iyaye maza da mata masu zuwa ajin yaƙi da jahilci, su karanta, su gane, sa'an nan su koya wa 'ya'yansu a gida.

Su wane ne waɗannan halittu?

Halittu ne masu rai. Suna ci, suna hayayyafa, suna mutuwa. Suna cikin ƙasa, cikin ruwa, cikin iska, a jikin dabbobi, a tafin hannu, a ƙarƙashin farce, har cikin hanjin mutum. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. Idan aka jera guda dubu a layi, da ƙyar tsawon layin zai kai kaurin ƙwayar gero. Ba a ganinsu sai da madubin likita, wato na'urar nan da ake leƙa jini da ita a ɗakin gwaji na asibiti.

Mutumin da ya fara ganinsu ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Ya ƙware wajen goge ƙananan gilasai masu ƙara girman abu. Wajen shekarar 1674 ya leƙa ɗigon ruwan tafki da gilashinsa, sai ya ga waɗansu 'yan halittu suna ta iyo a ciki. Daga baya ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, nan ma ya gan su. Amma sai da aka yi kusan shekara 200 kafin masana su tabbatar cewa irin waɗannan halittu ne ke sa cuta. Louis Pasteur na ƙasar Faransa da Robert Koch na ƙasar Jamus su ne kan gaba a wannan aiki. A shekarar 1882 Koch ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo tarin fuka.

Ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ake kira bakteriya, su ke kawo kwalara, taifot, tarin fuka da mashaƙo. Akwai bairos, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, har madubin likita na asibiti ba ya nuna su. Su ke kawo ƙyanda, shan inna da mura. Akwai dangin funfuna, irin wadda ke fitowa a jikin burodi, kuma wata 'yar'uwarta ce ke sa makero a kan yara. Akwai kuma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wadda ita dabam take. Ba sai yaro ya haddace waɗannan sunaye ba. Ya isa a ce masa "ƙwayoyin cuta".

Ba duka ne abokan gaba ba

A nan ya kamata a fara da yaro, don kada a cika shi da tsoro. Mafi yawan waɗannan halittu ba sa cutar da kowa. Waɗansu ma kullum suna yi wa gida aiki ba a biya su.

Bafulatana ta tatsi madara, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya. Da safe madara ta kama, ta zama kindirmo. Wa ya yi aikin? Bakteriya ne da ke cikin tsohon nonon nan. Sun ci zaƙin madara sun mai da shi tsami. Haka mai daddawa: ta dafa kalwa, ta rufe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, sai wari da ɗanɗanon daddawa su fito. Wannan ma aikinsu ne. Ƙullun waina da ke tashi, burodin da ke kumbura saboda yis, tsamin kamu, duk su ne.

Manomi ma yana cin moriyarsu. A tuge gyada, ko wake, ko waken suya, a duba saiwar. Za a ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Gidan bakteriya ne. Suna ɗauko sinadarin taki daga iska suna bai wa shuka. Shi ya sa gonar da aka yi gyada bara takan yi wa masara kyau bana. Manoman Dandamisa sun daɗe da sanin haka, dalilin ne kawai ba kowa ya sani ba. Su ne kuma ke ruɓar da kashin shanu da shara su zama takin gargajiya.

Yaron da aka nuna wa ƙwaryar nono da saiwar gyada ya riga ya yarda cewa akwai masu aiki a ɓoye. Daga nan sai a gaya masa cewa a cikinsu akwai miyagu.

Ɗan lissafi

Ƙwayar bakteriya ba ta haihuwa kamar akuya. Rabewa take yi gida biyu. Idan ta samu abinci, danshi da ɗumi, waɗansu sukan rabe duk bayan minti 20. Mai karatu ya ɗauki alli ya gwada. Ɗaya ta zama 2. Bayan awa ɗaya sun zama 8. Bayan awa biyu 64. Bayan awa uku 512. Idan awa bakwai ta cika sun wuce miliyan biyu. Daga ƙwaya ɗaya tak!

Ana iya yin wannan lissafi da yara ta amfani da ƙwayar masara ko tsakuwa. Tun kafin a je ko'ina za su ga tabarma ta cika. Wannan ne dalilin da ya sa miyar da aka bari a buɗe tun rana takan lalace kafin dare, musamman da bazara. Shi ya sa kuma ɗumame ba a yi masa ɗumin wasa. A bar shi ya tafasa sosai har tsakiyarsa, ba a ɗan gasa gefen tukunya a sauke ba. Abincin jariri kuwa, irin su koko da kunu, gara a dama sabo da a ba shi wanda ya wuni a kofi.

Babbar hanya: daga kashi zuwa baki

Maganar ba ta da daɗin ji, amma dole a faɗe ta yadda take. Gudawa, kwalara, taifot, shan inna da tsutsar ciki duk hanyarsu ɗaya ce. Ƙwayar cuta tana fita cikin kashin mai ɗauke da ita, sa'an nan ta samu hanyar shiga bakin wani. Ba wanda zai ci kashi da saninsa. Amma ɗan abin da ido ba ya gani ya isa.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya yi kashi a bayan gida ko bakin gona. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Ko kuma ruwan sama ya zo ya wanke wurin, ya gangara cikin rijiyar da ba ta da baki mai tsawo. Ko a ajiye guga da igiya a ƙasa, inda kaji da awaki ke tattakawa, sa'an nan a mai da su cikin rijiya. Ko uwa ta wanke wa jariri kashi, ta ɗauraye hannu da ruwa kawai, ta koma tana yanka kuɓewa. Mutane da yawa suna tsammanin kashin jariri ba shi da illa. Wannan kuskure ne babba. Kashin jariri yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba, a zuba shi cikin masai.

A ƙasar rake akwai wata hanyar da ba a cika lura da ita ba. Yaro yana ɓare rake da haƙora. Raken nan an ja shi a ƙasa, an jibge shi a bakin hanya, hannuwa da yawa sun taɓa shi. Wanda aka fere aka yayyanka kuma, in an bar shi a buɗe, ƙuda ne ke binsa, wani lokaci a yayyafa masa ruwan da ba a san daga inda aka ɗebo ba. Ba a ce yaro ya daina shan rake ba, wa zai iya hana ɗan Makarfi rake? A wanke shi ne da ruwa mai tsabta, a wanke hannu. Haka tumatir, latas da kabejin lambu waɗanda ake ci ɗanye. Zaƙin rake da mazarƙwaila da ya kwana a baki kuma abinci ne ga bakteriya, su ne ke fitar da tsamin da ke huda haƙori. Asuwaki ko buroshi kafin barci yana maganin wannan.

Akwai wani labari na gaskiya da yara kan so. A shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, mutane ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan kwanaki. A lokacin ana cewa mugun wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambaya, yana sa alama a taswira duk inda aka yi rashi. Sai ya ga gidajen sun kewaye famfon rijiya guda. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano cewa wani ramin masai da ke dab da rijiyar ne ke tsiyaya cikinta. Ruwan kuwa garau yake, mutane har yabon daɗinsa suke yi.

Wannan ba tsohon zance ba ne. A shekarar 2021 an samu rahoton mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne abin ya fi shafa. Saboda haka mai haƙa masai ya nisanta shi daga rijiya da kamar mita 30, ya kuma yi shi ta gangare, ba ta saman rijiya ba. A yi wa masai murfi. A ɗaga bakin rijiya, a rufe ta, a rataye guga. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tacewa da ƙyalle tana rage datti, amma ba ta isa ba. Abin da ke kashe su shi ne tafasa ruwa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko sa maganin ruwa na kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Randa kuma a rufe ta, a ware moɗa guda ta ɗiba, kada kowa ya tsoma wadda ya sha da ita.

Sauran hanyoyi

Waɗansu ta iska suke bi. Mai cuta ya yi tari ko atishawa, 'yan ɗigon yawu su fantsama, na kusa ya shaƙa. Haka ƙyanda, tarin fuka, sanƙarau da mashaƙo ke yaɗuwa. Manya ba su manta da shekarar 1996 ba, lokacin da sanƙarau ya kama mutane fiye da 100,000 a Arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Cutar ta fi tashi daga lokacin hunturu zuwa zafin bazara, kuma ta fi samun dama a ɗaki mai cunkoso wanda ba taga. Mashaƙo kuwa ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, ya bazu jihohi da dama. A 2023 ya shigo Jihar Kaduna, ya kashe yara a Kafanchan, aka kuma same shi a Ƙaramar Hukumar Makarfi. Yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Alamarsa ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, kumburin wuya, da wata farar fata-fata da ke rufe maƙogwaro har numfashi ya gagara. Ba cutar da za a tsaya jiƙe-jiƙe ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Wanda ya yi sati biyu yana tari ya je a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shansa wata shida, kuma akwai babbar cibiyar wannan aiki a Saye, kusa da Zariya.

Waɗansu ta cizo suke shiga. Macen sauro ta ciji mai zazzaɓi, ta kwashi ƙwayar, bayan 'yan kwanaki ta ciji wani ta zuba masa. Wani likitan Ingila, Ronald Ross, shi ya tabbatar da haka a ƙasar Indiya a 1897. Ba ɗanyen mangwaro ko sabuwar masara ke kawo zazzaɓin damina ba. Lokacinsu ne ya zo daidai da lokacin da sauro ke yawa. A nuna wa yaro 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil cikin ruwan tsohuwar taya ko fasasshiyar tukunya, a ce masa 'ya'yan sauro ke nan, ya zubar. Da dare kuma a shiga gidan sauro.

Waɗansu ta fata suke shiga. Yaron da ke wanka a kududdufi ko ruwan fadama yana iya kamuwa da tsargiya. 'Ya'yan tsutsarta, waɗanda ido ba ya gani, suna fitowa daga jikin dodon koɗi su huda fata. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, cuta ce, kuma tana da magani. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora kuwa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga ta rauni. Saran fartanya ko sukar ƙusa a wanke shi da ruwa da sabulu, kada a cusa masa ƙasa. Cibiyar jariri a yanke ta da sabuwar reza, kada a shafa mata kome sai maganin da asibiti ya bayar.

Yadda za a nuna wa yaro

Yaro ba ya riƙe dogon bayani. Abin da ya gani da idonsa, ko ya taɓa da hannunsa, shi ke zama. Ga waɗansu dabaru da ba sa cin ko kwabo.

A samo kofi biyu na ruwa. A narka gishiri a ɗaya ba tare da yaro ya gani ba. A tambaye shi, wanne ne ruwa zalla? Zai ce duk ɗaya ne. A ce ya ɗanɗana. In ya yamutsa fuska sai uwa ta ce, "Ka gani ko? Akwai abu a ciki, amma idonka bai gani ba." Ba mamaki yaro ya ce, "Inna, to ƙwayar cutar ma ɗanɗano gare ta?" A ba shi amsa ta gaskiya: a'a, ita ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, shi ya sa ta fi gishiri iya ɓuya.

Dabara ta biyu wasa ce, kuma ta fi daɗi in yara suna da yawa. A shafa wa yaro ɗaya ɗan man gyaɗa a tafin hannu, a barbaɗa masa garin gawayi. A ce wannan baƙin shi ne ƙwayar cuta. Ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba. Su taɓa moɗa, su taɓa kwano, su taɓa ƙofa. Cikin ɗan lokaci za a ga baƙi a hannun kowa, har a hanci da kumatun waɗansu. Sa'an nan a kawo ruwa. Na farko ya wanke da ruwa kawai, baƙin ba zai fita duka ba. Na biyu ya sa sabulu, ya cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, yana ƙirga ɗaya zuwa ashirin a hankali. A gwada hannuwan biyu. Ba sai an ƙara wani bayani ba.

A nan akwai al'adar da ya kamata a gyara. Kwano ɗaya na wanke hannu, kowa ya tsoma, babba ya fara, ƙarami ya zo ƙarshe. Wato ƙaramin da ya fi kowa rauni shi ke wanka da dattin kowa. Gara a zuba wa kowa da buta, ruwan ya zube ƙasa. In ba sabulu, toka mai tsabta ta fi babu. Ana iya huda galan kusa da wuyansa, a rataye shi a bakin masai tare da guntun sabulu a igiya. In aka bar wa yara aikin cika galan, sukan riƙe shi da muhimmanci fiye da manya. Lokutan wanke hannu kuwa sanannu ne: bayan fitowa daga masai, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, da kafin ba jariri abinci.

Dabara ta uku tana ɗaukar kwanaki. A yanki burodi biyu. Ɗaya a shanya shi ya bushe ƙarau. Ɗayan a yayyafa masa ruwa. A sa kowanne a farar leda a ɗaure, a ajiye a inuwa. Yaro ya riƙa dubawa kullum ba tare da ya kwance ba. Cikin kamar mako guda mai danshin zai yi funfuna, busasshen kuwa yana nan. Kada a shinshina, a binne shi da ledarsa ko a ƙone. Wannan darasi har uba ya shafa. Masara da gyaɗar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba sukan yi irin wannan funfuna, kuma wata tana fitar da gubar da dahuwa ba ta kashewa. Gubar tana lalata hanta, tana tsumburar da yara. Ƙwayar da ta yi baƙi-baƙi ko kore-kore a tsince ta a zubar, kada a ce a yi wa yara kunu da ita don kar a yi asara.

Malamin firamare ko na aji da ke da hali yana iya neman izini ya kai manyan ɗalibai ɗakin gwaji na asibiti mafi kusa, su leƙa madubin likita. A garin Makarfi akwai makarantar koyon aikin lafiya mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Yaron Dandamisa da ya leƙa madubin nan yau, wa ya sani ko shi ne mai gwajin jinin garin gobe?

Rigakafi

Sunan shan inna ya samo asali ne daga zaton mutanen da, cewa wata iska mai suna Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Yau an san bairos ne, yana shiga ta baki, ya lalata jijiyar da ke motsa ƙafa. Da aka dage da ɗiga wa yara magani, sai cutar ta yi ta ja da baya. A 2016 aka ga asalin ƙwayar shan inna ta ƙarshe a Nijeriya, a Jihar Borno, kuma a watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Ana ci gaba da ɗigon ne domin akwai wani nau'in da kan ɓulla a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Agana ma, wadda ta bar zane a fuskar tsofaffi da yawa, rigakafi ne ya kawar da ita daga duniya, aka yi shelar haka a 1980.

Yaro zai tambaya, don me ake yi masa allura alhali lafiyarsa lau? A ce masa jiki yana da dakaru a cikin jini. Allurar tana nuna musu kamannin ɓarawo tun bai zo ba. Ran da ya zo sai su gane shi, su far masa. Ɗan zazzaɓin da kan biyo bayan allura alama ce dakarun suna atisaye, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ana kai jariri ran da aka haife shi ko cikin kwanakin farko, sa'an nan a sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 da wata 15. Allurar sati 6, 10 da 14 ita ke kare shi daga mashaƙo, tarin shiƙa da sarƙe-haƙora, kuma sai an yi ukun take cika. Tun 2022 an ƙara ɗigon da ke kare jarirai daga wata muguwar gudawa. Ta ƙyanda a wata 9 ne, a maimaita a wata 15. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. In an tsallake wata, ba a sake farawa daga farko, a je a ɗora daga inda aka tsaya.

In cuta ta riga ta shiga

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wanda ake samu a asibiti da kemis, a haɗa shi yadda aka rubuta, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. In babu na leda, a samu lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada gishiri ya wuce haka. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi mama da abinci. In idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashin, ko yana ta amai, ko ya sanƙame, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Kafso mai kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, saboda haka ba ya maganin mura ko ƙyanda. Sayen guda biyu a faranti ranar kasuwa a haɗiye ba magani ba ne. Yana kashe raunanan ƙwayoyin ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina ci. A sha wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma cika kwanakin. Zazzaɓi ma a gwada jini tukuna, gwajin ba ya wuce minti 20.

Aikin aji

A zama na gaba kowane ɗalibi ya zo da katin rigakafin ƙaramin ɗansa ko jikansa. Malami zai taimaka a karanta kwanakin da ke ciki, a ga wadda aka yi da wadda ta rage. Wanda katinsa ya ɓace ya faɗa, a rubuta sunan yaron a kai wa ma'aikacin lafiya na mazaɓa. Kowa kuma ya auna da taku, daga masan gidansa zuwa bakin rijiya, ya rubuta lambar a littafinsa ya zo da ita.